Ebo Taylor: Makaɗin Jitar da Ya Tsara wa Gana Sautinta

Duk wanda wayarsa ta taɓa lalacewa a Alajo, ko Nima, ko Maamobi, ya san inda ake nufa da ita. Zai hau trotro ya sauka a shataletalen Kwame Nkrumah, wanda kowa ke kira Circle, ya kutsa layin Tip Toe, inda samari ke tare mutum da sabuwar waya da tsohuwa, kowa na rantsuwa tasa ce ta ainihi. Kaɗan daga cikin masu wannan ciniki suka san cewa layin ya gaji sunansa ne daga wani gidan rawa da ya yi tashe a wurin. A farkon shekarun 1970, ƙungiyar da ke kiɗa a gidan ana kiranta Blue Monks. Mai rera mata waƙa wani saurayi ne mai zaƙin murya, Pat Thomas, jagoranta kuwa makaɗin jita ne ɗan ƙabilar Fante, Ebo Taylor. Tarihinsa ya cancanci mutanen zango su sani, ko da ba su taɓa leƙa gidan rawa ba, domin sana'ar da ya fi ƙwarewa a kanta ita ce wadda kiɗanmu ya daɗe yana rashi.

An haife shi a Cape Coast ranar 6 ga Janairun 1936, sunan da aka raɗa masa Deroy Taylor. Garin da ya tashi a ciki ba baƙon kiɗa ba ne. A nan Turawan Ingila suka zaunar da sojojinsu tun ƙarni na 19, da gangunansu da ƙahonin tagulla, 'yan gari suka ɗauki kayan suka juya su zuwa salon da ake kira adaha. A gaɓar tekun kuma akwai ma'aikatan jiragen ruwa 'yan ƙabilar Kru daga Laberiya, waɗanda suka yaɗa wata hanyar kaɗa jita da yatsa biyu: babban yatsa yana riƙe da ƙasan kiɗa a kan manyan tsirkiyoyi, manuni yana tsinko waƙa a kan ƙanana. Wanda ya taɓa zama kusa da mai gurmi ya lura da hannunsa na dama zai gane abin da ake nufi. Da wannan salo Kwame Asare da abokansa biyu suka je Landan a 1928 suka ɗauki waƙar "Yaa Amponsah" a faifan kamfanin Zonophone, waƙar da har gobe duk mai koyon jita a Gana sai ya bi ta kanta.

Taylor ya fara da fiyano yana yaro, a gidan da ake kiɗan coci, sannan ya koma jita a makarantar sakandare. Lokacin da ya zama saurayi, ƙasar tana cikin zumuɗin neman 'yanci, kiɗan highlife kuma shi ne muryar wannan zumuɗi. E.T. Mensah da ƙungiyarsa Tempos sun cika Afirka ta Yamma, daga Firitawun har Legas. Louis Armstrong ya sauka Akra a 1956, aka yi masa tarba irin ta sarakuna. A ranar 6 ga Maris 1957 aka sauke tutar Ingila. A wannan yanayi Taylor ya shiga Stargazers ta Kumasi, ƙungiyar da Teddy Osei da Sol Amarfio su ma suka yi kiɗa a cikinta kafin su kafa Osibisa a Landan a 1969. Daga nan ya koma Broadway Dance Band ta Sekondi-Takoradi, wadda wani mai busa ƙaho ɗan Najeriya, Sammy Obot, yake jagoranta.

A nan ya kamata a tsaya a bayyana aikin da ya ɗauka, don shi ne ƙashin bayan labarin. A kiɗanmu na Hausa, komai yana kan makaɗi. Shata zai tsaya, masu kalangu su kama, 'yan amshi su karɓa, waƙa ta zubo daga ka, ba takarda ba alƙalami. Ƙungiyar rawa irin Broadway ba ta tafiya haka. Mutum goma sha wani abu ne a kan dandamali: masu ƙaho, masu saksafon, mai jita, mai jitar ƙasa, masu ganguna iri-iri, da mawaƙa. In kowa ya bi son ransa, hayaniya za a ji. Dole wani ya zauna tun da rana da takarda mai layi biyar-biyar, ya rubuta wa kowane mai busa abin da zai busa, ya ƙayyade inda ƙaho zai shigo da inda zai yi shiru ya bar murya, ya auna yadda sautuka uku ko huɗu za su hau juna ba tare da sun yi karo ba. Wannan mutum shi ne madugun ayari: ba a ganin kaya a kansa, amma shi ya san inda za a yada zango da lokacin da za a tashi. Jama'a suna tafa wa mawaƙi, mata suna liƙa masa kuɗi, mai tsarin yana can gefe da jitarsa. Taylor ya zaɓi wannan gefe tun yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai.

A 1962 ya tafi Landan ya shiga makarantar kiɗa ta Eric Gilder. Zamanin Nkrumah ne, gwamnati tana ganin makaɗi ma'aikacin ƙasa ne kamar malami ko injiniya, tana tura matasa karatu. A can ya jagoranci Black Star Highlife Band, yana yi wa ɗalibai da ma'aikatan Afirka ta Yamma kiɗa a ƙarshen mako. A can kuma ya haɗu da wani ɗan Abeokuta mai busa ƙaho da ke karatu a kwalejin kiɗa ta Trinity, wato Fela Ransome-Kuti. Taylor ya sha faɗa wa 'yan jarida cewa sukan zauna su saurari faya-fayan jaz na Amurka suna warware yadda aka ɗinka su, kuma Fela ne ya riƙa matsa masa da cewa bai kamata su ƙare a kwaikwayon kiɗan wasu ba alhali suna da nasu. Ko wa ya fara faɗa wa wani, abin da ya biyo baya ya nuna dukansu biyu sun ɗauki maganar. Sai dai kowa da hanyarsa. Fela ya koma gida ya mai da kiɗa makamin faɗa da gwamnati, sunansa ya cika duniya. Taylor ya koma Gana a 1965 ya shige ɗakin ɗaukar sauti.

Bai daɗe da dawowa ba sojoji suka kifar da Nkrumah ranar 24 ga Fabrairun 1966, ƙungiyoyin kiɗan da hukumomin gwamnati ke ɗaukar nauyi suka fara tangal-tangal. Kunnen matasa ma ya sauya. Faya-fayan James Brown sun shigo, Geraldo Pino na Saliyo yana yawo da manyan lasifikoki yana kwaikwayonsa, samari suka fara ganin highlife kiɗan iyaye ne. Abin ya kai ƙololuwa ranar 6 ga Maris 1971, da aka yi bikin Soul to Soul a dandalin Black Star: Wilson Pickett, Ike da Tina Turner, Santana, Roberta Flack, aka kwana ana kiɗa har gari ya waye. Makaɗa da yawa suka watsar da nasu suka rungumi na Amurka ɗungurungum, wasu kuma suka toshe kunne suka ci gaba da abin da suka saba har kasuwa ta bar su.

Taylor bai bi ɗaya daga cikin hanyoyin biyu ba. Ya karɓi nauyin ganga da jitar ƙasa irin na James Brown, ya riƙe tsarin ƙahonin da ya koyo daga jaz, sannan ya koma garuruwan Fante ya ɗebo waƙoƙin da ya ji tun yana yaro. Akwai na asafo, rundunonin mayaƙan gari masu tutoci da ganguna, waɗanda waƙoƙinsu ke da zafin kirari irin na 'yan tauri. Akwai na masunta masu jan koma a bakin teku, da na mata, da na wasan yara da dare. Yawancin highlife na da yana tafiya ne a kan sauti mai fara'a, na shagali. Waɗannan tsofaffin waƙoƙi kuwa suna da wani duhu-duhu a cikinsu, kuma shi Taylor ya bar musu duhunsu, bai wanke su don su dace da gidan rawa ba. A nan bambancinsa yake. In ka saurari "Heaven" ko "Atwer Abroba", za ka ji jitar tasa ba ta neman a yaba mata. 'Yan gajerun jimloli take maimaitawa, ƙahoni su faɗo gaba ɗaya su ja da baya, murya ta yi kira amshi ya karɓa. Ba shi da muryar Pat Thomas, ya kuma san haka, shi ya sa bai taɓa jingina waƙa a kan murya kaɗai ba.

Mutumin da ya ba shi fili shi ne Dick Essilfie-Bondzie, mai kamfanin Essiebons, ɗaya daga cikin 'yan kasuwar da suka sa aka fara buga faifai a cikin Gana maimakon a aika Turai. Taylor ya zama mai tsara kiɗa kuma furodusa na kamfanin. Ta hannunsa aikin C.K. Mann ya bi, mutumin da ya ɗauko kiɗan masunta na osode ya sa masa jita, wanda faifansa Funky Highlife na 1975 har yau masu tara faya-fayai ke nema ido rufe. Da Taylor aka yi Simigwa na Gyedu-Blay Ambolley a wannan shekarar, bayan sun yi zama tare a Apagya Show Band. Pat Thomas kuwa sun yi ta haɗuwa suna rabuwa tsawon shekaru, kamar yadda abokan sana'a kan yi.

Ɗaukar faifai a lokacin ba wasa ba ne, kuma yaran da ke haɗa kiɗa da kwamfuta a ɗakunan Nima ya kamata su ji yadda ake yi. Makaɗa duka suna ɗaki ɗaya, zare yana juyawa a kan na'ura, makirufo ba su da yawa. Ana matsar da mai ƙaho baya don kada ya danne mawaƙi, a kange mai ganga don kada ƙararsa ta malala cikin makirufon wani. In aka kai minti na shida mai saksafon ya yi tuntuɓe, sai a koma farko, zaren kuma da kuɗin waje ake sayo shi. Saboda haka furodusa ba mai danna maɓalli ba ne. Shi ne ya yi ta bita da makaɗa kwana da kwanaki, shi ke yanke hukuncin cewa wannan ɗauka ta yi ko ba ta yi ba, shi ke sanin cewa fuska ɗaya ta faifai ba ta wuce kimanin minti ashirin, don haka waƙar da ake ja rabin sa'a a gidan rawa dole a datse ta ba tare da an kashe ta ba. A tsakanin wannan aiki na wasu ya fitar da nasa: My Love and Music, da faifan da ke ɗauke da sunansa a 1977, da Twer Nyame, sannan Conflict a 1980 tare da Uhuru Yenzu, inda waƙar "Love and Death" ta fara fitowa. A shekarar 1980 ɗin ma ya ɗauki wani faifai a Najeriya wa kamfanin Tabansi, aka ajiye zaren aka manta da shi, bai ga rana ba sai 2019 da aka fitar da shi da sunan Palaver.

To, ina zango a duk wannan? Yana nan daf da gidajen rawan, amma da katanga a tsakani. Daga Alajo zuwa Circle ba nisa, sai dai gidan rawa wuri ne na giya, kuma ba kowane uba ne a Nima zai ji ɗansa ya kwana can ya yi shiru ba. Zango yana da nasa kiɗan: goge da kalangu a bikin aure da suna, gangunan fadar sarkin zango ranar Sallah, waƙoƙin mata a cikin gida, bege a lokacin Mauludi, ga faya-fayan Shata da Ɗan Maraya da fatake ke shigowa da su daga Najeriya. Abin da bai samu ba shi ne ɗan kasuwa irin Essilfie-Bondzie da zai zuba jari, da mai tsari irin Taylor da zai zauna ya ɗinka. Dokar korar baƙi da gwamnatin Busia ta kafa a Nuwamban 1969, wadda ta ba marasa takarda mako biyu su bar ƙasar, ta kwashe dubban mutane daga zangunan Gana, ciki har da attajiran da makaɗa ke ci a hannunsu, a daidai lokacin da masana'antar faifai ke tashi. A ganina wannan ya taimaka wajen barin kiɗan zango a baki da ka. Abin lura ne cewa waƙoƙin Alhaji Umaru na Kete-Krachi, Bakanon malamin da ya rasu a 1934, suna nan ana nazarinsu saboda an rubuta su, amma masu gogen da suka raya bukukuwan Nima shekaru arba'in bayansa, da wuya ka sami muryar ɗayansu ka saurara. Akwai waɗanda suka tsallake katangar, kamar Alhaji Sidiku Buari, ɗan tseren da ya koma mawaƙi, wanda kamfanin RCA na Amurka ya fitar da faifansa a 1975, daga baya ya shugabanci ƙungiyar mawaƙan Gana. Amma ɗaiɗaiku ne.

Ita ma masana'antar ba ta daɗe ba. Tattalin arzikin Gana ya durƙushe a ƙarshen shekarun 1970, kayan buga faifai suka yi wuya. Rawlings ya karɓi mulki karo na biyu ranar 31 ga Disamban 1981, aka sa dokar hana fitar dare da ta kai har 1984. Sana'ar da ba ta da lokaci sai dare, me ya rage mata? A 1983 fari da gobarar daji suka haɗu da dawowar kimanin mutum miliyan ɗaya da Najeriya ta koro. Aka ɗora haraji mai nauyi a kan kayan kiɗa a matsayin kayan alatu, kaset ya shigo da masu kwafar sata, mai gidan rawa ya gane cewa mutum ɗaya da na'urar sa faifai ya fi masa arha a kan makaɗa goma sha biyar. Wasu suka tafi Jamus, inda su George Darko suka ƙirƙiro highlife na na'ura. Wasu suka shige coci, don can ne kaɗai ake da kayan kiɗa da albashi. Taylor ya yi shekaru sunansa ya dushe. Ya zauna a Saltpond, garin da ya ɗauka gida, daga bisani ya koyar da jita da highlife a Jami'ar Gana da ke Legon.

Farfaɗowar ta zo ta inda ba a zata ba. Wasu Turawa masu tonon tsofaffin faya-fayai suka riƙa bin kasuwanni da ɗakunan ajiya a Akra da Kumasi suna saye. A 2002 kamfanin Soundway na Ingila ya fitar da tarin Ghana Soundz, da "Heaven" a ciki. A 2010 mawaƙin Amurka Usher ya yanki wani ɓangare na wannan waƙa ya gina tasa, "She Don't Know", a kai. A shekarar ce kuma kamfanin Strut ya fitar da Love and Death, wanda Taylor ya ɗauka da matasan Afrobeat Academy na Barlin. Shi ne faifansa na farko da aka rarraba a duniya, yana da shekara 74. Appia Kwa Bridge ya biyo baya a 2012, an sa masa sunan wata 'yar gada a Saltpond, Tony Allen mai gangar Fela ya yi kiɗa a ciki, kuma a nan dattijon ya zauna shi kaɗai da jita ya sake kaɗa "Yaa Amponsah". Yen Ara ya fito a 2018 tare da Saltpond City Band, wadda 'ya'yansa ke ciki. A farkon 2025, yana da shekara 89, Adrian Younge da Ali Shaheed Muhammad suka fitar da faifan da suka yi da shi a jerin Jazz Is Dead a Amurka.

Ana yawan ba da wannan labari kamar Turawa ne suka gano shi. Ban yarda da wannan ba. Abin da suka tarar a cikin ƙura aiki ne da aka riga aka gama shi da kyau tun 1977, an tsara, an ɗauka, an buga, an rubuta sunan mai shi a bayan kwali. Da ba a yi haka ba, da babu abin da za a tono. Abin takaicin da ke ciki shi ne sai da Landan da Barlin suka tafa kafin Akra ta waiwaya.

Zango ya sami muryarsa a faifai daga baya, ta wata ƙofa. Samarin VIP na Nima sun shigo da Hausa cikin hiplife, waƙarsu "Ahomka Womu" ta 2003 ta mamaye ƙasar, kuma in ka saurare ta da kyau, a kan tsohon highlife aka gina ta. King Ayisoba, mai kologo daga arewa maso gabashin Gana, abin kiɗa mai tsirkiya biyu ɗan'uwan gurmi, ya ci kyautar waƙar shekara a 2007 bayan furodusa Panji Anoff ya ɗauke shi da muhimmanci, daga nan ya zagaya Turai. Wato kayan gargajiya ba su ne matsala ba. Yau kuwa abin da Essiebons ke buƙatar kamfani guda kafin ya yi, yaro ɗaya yana yin sa da kwamfuta da makirufo a ɗakin haya a Maamobi. Mafi yawansu dai sautin Legas da na Atlanta suke bi, alhali tsohuwar da ta haddace waƙoƙin kamun amarya tana gida ɗaya da su, mai kalangun da ya yi wa sarakunan zango uku kiɗa yana zaune a ƙofar masallaci ba wanda ya tambaye shi komai.

Ga masu wannan sana'a a Alajo da Nima da Maamobi: ku ɗauki waɗannan dattawa tun suna da rai, ku rubuta sunan kowa da ranar da aka ɗauka, ku biya su haƙƙinsu. Wanda kuma yake da tsohon kaset na biki ko na Sallah a cikin akwati, kada ya zubar. A Cibiyar Nazarin Afirka ta jami'ar Legon akwai ma'ajiyar sauti mai sunan Farfesa J.H. Kwabena Nketia, aikinta ke nan adana irin waɗannan abubuwa, kuma daga tashar Circle ana samun trotro mai zuwa can.